Koren Ɗigon Ɗan Tani

Duk wanda ya taɓa zuwa buga takarda a layin shagunan da ke bayan tasha a Birnin Kudu ya san Murja, ko da bai san sunanta ba. Ita ce doguwar matar nan mai tabarau a shagon ƙarshe, wadda ba ta ɗago kai daga kwamfuta sai ta kai aya. Shagona na ɗinki yana jikin nata, bango ɗaya ya raba mu, kuma tun muna yara a Sundimina na san ta. Sunana Ummussalma. Abin da zan faɗa, wani da idona na gani, wani ita ta ba ni da bakinta.

Mahaifinta manomin gyaɗa da riɗi ne. Murja ta tashi marar surutu, ba ta cika shiga wasan gaɗa ba. Inda aka san ta shi ne kala. Idan an gama cire gyaɗa muka bazu cikin gonaki, mu mukan gaji mu koma gindin tsamiya, ita kuwa tana nan duƙe tana tona ƙasa da tsinke, har sai ƙwaryarta ta cika. Da ta gama sakandare ta koyi aikin kwamfuta, wani mai shago ya ɗauke ta, da ya koma Dutse ya bar mata wurin.

A nan ta haɗu da Ikrima, mutumin Gwaram, mai gyaran waya da kwamfuta. Firintarta ya zo gyarawa, ya gyara a yini guda, amma ya yi ta dawowa wai yana duba lafiyarta. Mutum ne mai fara'a da yawan magana, aljihunsa kullum cike da ƙananan kusoshi da guntayen waya, don ba ya iya wuce abu a ƙasa bai ɗauka ba. Tana kiransa Injiniya, da farko da tsokana, daga baya ya bi shi. Mahaifiyarsa, Inna Tani, tsohuwa ce daga gidan makiyaya da suka daɗe da zama a gefen Gwaram suna noma da 'yan shanunsu. Ikrima ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kuma taɓa nuna a gaban mutane cewa ta san da zamansa ba. "Yaron nan" take cewa, tana kallon wani wuri.

Suka yi aure, suka kama ɗaki biyu a Birnin Kudu. A shekara ta biyu Murja ta haihu, ɗan bai zo da rai ba. Jikinta ya warke, amma bakinta ya mutu. Takan buɗe shago ta zauna, mutum ya miƙo takarda ta karɓa ta buga, ba gaisuwa, ba sallama. In ba aiki, sai ta zuba wa ƙofa ido.

Wata rana Ikrima ya dawo daga Kano sayen kayan gyara, ya shigo shagon bayan La'asar da filash a hannu. Ina wurin, na kawo mata kunu. Ya jawo kujera kusa da ita ya ce, "Murjanatu, yau ke ce alƙali. Wasanni na kawo, ki zaɓa mana ɗaya."

Ya sa na ƙwallo, ta kawar da kai. Ya sa na tseren mota, ta ce jiri yake sa ta. Ya sa wani na noma, inda ake shuka a girbe a kiwata kaji, ta ɗan kalla ta ce noman da ba a gumi na yara ne. Ni da shi muka dubi juna, don rabon da ta haɗa kalmomi haka an kwana biyu.

"To saura uku," in ji shi, "kuma duk 'yan gida ɗaya ne, na ganima. Ki zaɓi jarumi, ki shiga kogo ko kangon gari, dodanni su taso miki, ki gama da su. Kowanne ya faɗi sai ya zubar da abin da yake ɗauke da shi, takobi ne, zobe ne, sulke ne, wani sa'in tsumma kawai. Ki tsince, in ya fi naki ki sa, ki ƙara gaba."

"Yaushe ake gamawa?"

"Ba a gamawa. Ƙasa kawai ake ta yi."

Na farkon ya fi kyau, wuta da walƙiya ko'ina, shi ne ma wanda Ikrima yake so. Amma tsohuwar kwamfutar ta ɗauki zafi, fankar cikinta ta kama kuka kamar injin markaɗe. Na biyun jini ya yi masa yawa, matan cikinsa ba suturar kirki, ga shi kowace ƙofa sai an biya kafin ta buɗe. Na ukun tsoho ne, duhu-duhu, ba ya cin data, yana hawa waya yana hawa kwamfuta, kuma mutum biyu suna iya shiga tare ko da ba gari ɗaya suke ba. Kiɗa ma kusan babu, sai takun ƙafa da ɗigar ruwa a cikin kogo.

Murja ta daɗe tana kallonsa. Ta ce, "Wannan."

"Wannan mummunan? Me kika gani a jikinsa?"

"Ba shi da hayaniya."

Ta ɗauki mace maharbiya mai kwari da baka. Shi ya ɗauki wani ƙato mai garkuwa. Da aka nemi ya sa wa jarumin suna, ya rubuta Ɗan Tani. Murja ta ce in Inna ta ji wannan sai ya faɗa mata dalili. Ya yi dariya ya ce, "A nan dai dole ta amsa ni nata ne."

Ba zan ce wasa ne ya warkar da ita ba, Allah ne mai warkarwa. Amma ta bango nakan jiyo su in kasuwa ta yi sanyi, ita a kwamfuta shi a waya, tana yi masa faɗa. Halinsa na waje shi ya kai ciki. Ba ya wuce tukunya bai fasa ba, ba ya barin ko tsinke, jakarsa ta cika ya ce ta jira shi ya koma gari ya sauke. Ita kuwa sai ta juya abu ta duba, in bai fi nata ba ta bar shi. Shi ke wucewa gaba da garkuwa, ita tana harbi daga baya. In mai buga takarda ya shigo ta saki wasan, sai ya yi ta zagaya maharbiyarta yana kare ta har ta gama aikin ta dawo.

Daga baya sana'ar gyara ta yi yawa a gari, kowane lungu da mai teburi. Wani abokinsa, Badamasi, ya dawo daga wurin haƙar zinare can bayan Agadas, ya ce masa a can mai gyaran waya da na'urar neman zinare sarki ne. Ikrima ba haƙa zai yi ba, gyara kawai, shekara guda ya dawo ya buɗe babban shago. Murja ba ta so ba, amma ba ta hana ba. Bayan Babbar Salla suka tafi.

Can sabis ba ya kaiwa ga magana, murya sai ta yi ta tsinkewa. Amma akwai wata rumfa da ake biya a samu intanet, kuma wasan ba ya buƙatar mai yawa. Saboda haka ranar Juma'a in an sauko daga masallaci, Murja takan tura ƙofar shago rabi, ta buɗe jerin abokan wasa. Suna ɗaya ne a jerin. In yana nan, wani ɗan ɗigo a gefen sunan yakan zama kore, in ba ya nan ya zama ruwan toka. Da ya yi kore sai su haɗu a bakin rijiyar da ke tsakiyar garin cikin wasan, su rubuta gaisuwa, ya tambayi Inna, ta tambayi abin da yake ci, su gangara kogo.

Sai wata Juma'a ɗigon bai yi kore ba. Ta gaba ma haka. Ta kira lambarsa, a kashe.

Da damina ta sauka Badamasi ya dawo shi kaɗai. Ya fara zuwa Gwaram, sannan ya zo shago, ya tsuguna a bakin ƙofa ya ƙi shigowa. Ya ce Ikrima ya riga shi tasowa, ya shiga wata mota mai zuwa Agadas da niyyar gida, motar ba ta isa ba. Wasu sun ce hanya ce ta ɓace wa direba a cikin rairayi, wasu sun ce masu bindiga ne. An fita nema, ba a ga mota ba, ba a ga kowa ba.

"Ka ga gawarsa?" in ji Murja.

"Ban gani ba."

"Akwai wanda ya gani?"

"Babu, wallahi."

Ba a yi zaman makoki ba, don ba a san ko an yi rashi ba. Malamai suka ce ba za ta shiga takaba ba, sai dai a kai magana gaban alƙali ya ɗiba mata lokacin jira kamar yadda shari'a ta tanada. Ta zauna haka nan, ita ba mai miji ba, ita ba bazawara ba. Mata su zo yi mata jaje su rasa kalmar da za su yi amfani da ita. Ta daina wasan, amma ba ta daina buɗe jerin ba. Kullum da safe, kafin ta share shago, sai ta duba.

Cikin bazarar da ta biyo baya, wata Talata da rana tsaka, an ɗauke wuta, gari ya yi tsit saboda zafi, na ji ana buga bangon da ke tsakaninmu. Na shiga na tarar da ita zaune ƙiƙam, hannuwanta a cinya.

"Ummussalma, duba min nan. Wane launi kike gani?"

Na duba. Kore ne.

Na ce ta kira wayarsa. Ta kira, a kashe. Ta shiga wasan. Ga shi nan tsaye a bakin rijiya, da garkuwarsa mai tsagi a gefe, da jar hular ƙarfen da ita ta tsinto ta ba shi, sunan yana lilo a saman kansa. Ta rubuta, "Injiniya." Shiru. Ta rubuta, "Kana ina? Kana lafiya?" Shiru. Can sai ya juya ya nufi ƙofar gari, ta bi shi.

Tafiya yake kamar mai maye, ya bugi bango ya dawo, ya tsaya, ya sake bugun bangon. Ƙananan dodannin da Ikrima yake sharewa da bugu ɗaya suka taru a kansa, ya kasa ɗaga garkuwa. Murja ce ta yi ta harbi tana kare shi. Suka wuce ta wani ɗaki cike da tukwane, ko ɗaya bai taɓa ba.

Na ce, "Murja, anya kuwa?"

Ta ce, "Wataƙila ciwo ya ji a hannu. Ko wani ne yake riƙe masa wayar." Ba ta dube ni ba.

Jim kaɗan ya ɓace, ɗigon ya koma toka.

Daga ranar ya riƙa bayyana, ba rana tsayayya, ba lokaci tsayayye. Ta daina rufe kwamfutar, ta sayi ƙaramar sola don kada caji ya yanke. Tana cikin buga wa mutum takarda sai ta tsaya cak, ta ce ya yi haƙuri, ta shiga ta bi bayan mai garkuwa. Ta rubuta masa abubuwa da yawa. Ta gaya masa an yi ruwa mai ƙarfi ya ci katangar gidan Inna, ta gaya masa mai gidan haya ya sake fenti. Bai taɓa amsawa ba. Amma wani lokaci, in ta tsaya, shi ma sai ya tsaya kusa da ita, su yi ta tsayuwa a cikin duhun kogo, ba abin da ake ji sai ɗigar ruwa.

Magana ba ta ɓuya. Ta kai Gwaram, aka ce an ga Ikrima a cikin kwamfuta. Inna Tani ta aiko a kawo mata ta gani. Ranar kasuwar Gwaram muka shiga bas ni da Murja, kwamfutar a naɗe cikin zane a kan cinyarta. A gidan, sabis ya fi kamawa kusa da rumbu, saboda haka a nan aka shimfiɗa tabarma, aka kifa turmi aka ɗora kwamfutar. Muka zauna tun hantsi. Inna tana ta harkokinta, ta ba maruƙa ruwa, ta tankaɗe gari, kamar ba ita ta aika ba. Sai bayan La'asar ɗigon ya yi kore.

Murja ta ce, "Inna, ga shi."

Tsohuwar ta goge hannu a zani, ta zo ta durƙusa, ta kawo fuskarta dab da allon.

"Wanne ne?"

"Mai garkuwar nan."

"Wannan rubutun na kansa fa?"

Murja ta sunkuyar da kai. "Sunanki ne, Inna. Ya rubuta cewa shi ɗanki ne."

Inna ta ƙura wa allon ido. Mai garkuwa yana ta tafiyarsa cikin wani dogon lungu, ya ba mu baya. Sai na ji ta buɗe baki, a hankali, kamar mai tsoron tada barci, ta ce, "Ikrima."

Matan gidan da ke tsaye a bayanmu suka yi tsit, don ba wadda ta taɓa jin sunan nan a bakinta. Shi kuwa mai garkuwa sai ya tsaya. Ya juyo ya fuskance mu. Na san juyawa ce irin ta wasa, duk wanda ya taɓa waya zai iya sa shi ya juya, amma har yau in na tuna sai na ji sanyi a bayana. Ya ɗan jima a haka, sannan ya ɓace.

Inna ta miƙe ta ce a kawo mana fura. Da za mu tafi ta rako mu har bakin zaure, abin da ba ta saba ba. Ta riƙe gefen mayafin Murja.

"Ke kika san shi a can ciki. Shi ne?"

"Kayan duk nasa ne, Inna."

"Ba kayan na tambaye ki ba."

Inna ta saki mayafin ta ce, "To. Ki dai riƙa zuwa da shi."

Haka ta yi ta yi, kusan kowace ranar kasuwa, damina guda cur. Wata rana ya fito, wata rana su yini a gindin rumbu ba komai. Murja ta rame, idanunta suka faɗa. 'Yan'uwan Ikrima suka rabu biyu, masu cewa yana raye a hannun wasu, da masu cewa aikin aljanu ne a daina kawo abin gidan. Mahaifinta ya taso daga Sundimina ya kai maganar gaban alƙali. Alƙali ya saurara har ƙarshe, ya ce ɗigo ba shaida ba ne, bai tabbatar da rai ba, bai tabbatar da mutuwa ba, a ci gaba da jira, ya kuma ɗiba mata shekarun da za ta yi.

Da kaka Inna ta kwanta da zazzaɓi mai nauyi. Murja ta rubuta wa mai garkuwa, "Tsohuwarka ba ta da lafiya. In kana ji, ka ce wani abu, ko harafi ɗaya ne."

Kwana biyu bayan haka amsa ta zo. Hausa ce irin rubutun mutanen Nijar, sai da muka haɗu mu biyu muka karanta. Ya ce, "Baiwar Allah, ki gafarce ni. Ba ni ne mai wayar ba."

Sunansa Ahmad, mai shayi ne a wata tasha a Agadas, wani ne yake rubuta masa saƙon. Ya sayi wayar a kan teburin masu tsofaffin wayoyi. Ba layi a ciki, an goge hotuna, amma ba wanda ya kula da wasan, kuma da ya taɓa shi sai ya buɗe kai tsaye. Bai taɓa irin wasan ba, yana dai latsawa in ba masu shan shayi. Ya ce ya daɗe yana ganin wata maharbiya tana bin sa tana kare shi, ya ɗauka haka wasan yake. Da ya gano wurin saƙonni, ya ba wani ya karanta masa, sai tsoro ya kama shi kada a ce shi ya yi wa mai wayar wani abu. Maganar tsohuwa ce ta hana shi sukuni, don shi ma yana da tsohuwa a ƙauye.

Murja ta tambaye shi kamannin wayar. Ya ce kusurwa ɗaya ta fashe an like ta da gam, murfin baya kuma an naɗe shi da baƙin salatif. Ita ce. Ta tambayi wanda ya sayar masa. Ya ce ya koma ya tambaya, mai teburin ya ce wayoyi a buhu suke zuwa daga daji, ba ya tambayar inda aka samo su.

Ba ta yi kuka ba a lokacin. Ta rubuta, "Na gode. Allah ya saka."

Ahmad ya ce shi ba zai iya ci gaba da yawo da kayan mutum ba. Ya ce akwai wani akwati a garin cikin wasan, maƙare da kaya, ta koya masa yadda zai miƙa mata. Ta koya masa. Suka tsaya a bakin rijiya, ya fara zubarwa a ƙasa.

Tarkacen Ikrima ne, kamar an zazzage aljihunsa. Karyayyun zobba, takalma ƙafa ɗaya, tsummoki, guntayen ƙarfe. Can sai bakuna suka fara fitowa. Baka bayan baka, da kwari, da safar hannu irin ta maharba, wasu suna ƙyalli da launin da ba a cika samu ba. Mai garkuwa ba ya iya riƙe baka. Ashe a ranakun da ya samu shiga shi kaɗai, su yake tara mata, bai kai ga ba ta ba.

A wasan nan, abin da aka zubar a ƙasa ba ya daɗewa, in ba a ɗauka ba sai ya dushe ya ɓace. Jakar maharbiya kuma ƙarama ce. Murja da ta saba juya abu ta duba kafin ta ɗauka, ranar ba ta duba komai ba, ta yi ta kwasa har jakar ta ƙi karɓa. Sauran muna kallo suka riƙa ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Daga ƙarshe ya cire hular, ya ajiye garkuwar. Ba wurin sa su. Ɗan Tani ya tsaya a bakin rijiya daga shi sai ɗan tsumma a ƙugu. A nan ne ta kifa kai a kan teburi, na tashi na rufe ƙofar shagon.

Washegari ta je Gwaram ba tare da kwamfuta ba. Inna ta fara samun sauƙi, tana zaune a ƙofar ɗaki. Da ta ga hannun Murja ba komai, ba ta bari ta gama bayani ba. Ta yi salati, ta ce Allah ya sa yana inda rahama take, ta dafa bango ta miƙe ta zagaya wurin shanu. Ta daɗe a can. Ba ta sake kiran sunan ba, kuma ba ta sake tambayar kwamfuta ba.

Shekarun da alƙali ya ɗiba suka cika ba labari. Aka yanke hukunci, Murja ta yi takaba a gidan mahaifinta, na riƙe mata mabuɗin shago har ta fito. Ta dawo bakin aikinta. Yanzu ɗalibai sukan zo ta sa musu wasa a waya ko kwamfuta, don an san ta san su. In suka ce na ganima suke so, takan tambayi ƙarfin na'urarsu da yawan datar da suke iya saya, ta jera musu biyu ko uku, ta faɗi aibin kowanne. Amma kullum takan karkata su ga wanda ake yi ba tare da intanet ba, wanda mutum zai shiga shi kaɗai ya fito shi kaɗai. In suka ce sun fi son wanda ake haɗuwa da abokai, sai ta sa musu, ba ta gardama.

Ahmad ya yi alkawarin zai goge wasan. Bai samu yi ba. Ya kira ta da wata lambar ya ce an zare wayar daga aljihunsa a tasha. Tun daga nan ɗigon yakan yi kore jefi-jefi, wani lokaci a yi wata da watanni ba a gan shi ba. Hannu daban-daban ne, ta ce tana ganewa. Akwai wanda ya yi ta gudu da shi tsirara cikin kogo ana kashe shi. Akwai wanda yakan bar shi tsaye a bakin rijiya yini guda, ko motsi babu. Ba ta sake rubuta wa kowa komai ba, ba ta kuma sake bin sa ba. Latsawa ɗaya ce za ta cire sunan daga jerin. Na taɓa yi mata maganar sau ɗaya, ta ce ta sani.

Wani malamin firamare daga Farin Dutse, wanda matarsa ta rasu, yana nemanta, kuma ta amince, an sa rana bayan an kai amfanin gona gida. Ta gaya masa komai tun zuwansa na biyu. Ya ce shi bai san kan waɗannan abubuwa ba, amma ba zai ce ta goge ba.

Makon jiya na shiga aron almakashi, ana yayyafi. Tana buga wa wani dattijo takardar sayar da gona, yana zaune a benci yana karanto mata iyakoki. A kusurwar allon akwai ɗan ƙaramin jerin nan a buɗe, ɗigon kore shar. Ta ga inda nake kallo.

"Wannan karon gwani ne ya same shi," ta ce da ni ƙasa-ƙasa. "Ya yi masa sulke sabo. Jiya na ga ya kai wani zurfin da mu ba mu taɓa kaiwa ba."

Ta gyara tabarau, ta juya wurin dattijon ta ce, "Baba, daga gabas ka ce gonar wa?"